Kwana Huɗu a Hanya: Waiwaye kan Chori Chori

A shekarar 1956 kamfanin AVM da ke Madras, birnin da yanzu ake kira Chennai a kudancin Indiya, ya fitar da wani fim mai suna Chori Chori. Anant Thakur ne ya ba da umarni, Raj Kapoor da Nargis suka ja ragamarsa. Ba na yaƙi ba ne, ba na sarakuna ba ne, ba kuma irin wanda ake tashi daga kallonsa ido ya kumbura ba. Labarin wata 'yar attajiri ce mai suna Kammo, wadda ta kafe sai ta auri wani matuƙin jirgin sama, Suman, ubanta kuma ya ce bai yarda ba, don ya gane dukiyarsa yaron yake hange. Ta fusata ta faɗa teku daga jirgin ruwan uban, ta yi iyo ta fita, ta kama hanyar Bangalore a motar haya don ta iske masoyinta. A motar nan ta gamu da Sagar, wani ɗan jarida da aljihunsa ba nauyi, bakinsa kuwa ba ya mutuwa. Uban ya sa cigiya a jarida, ya yi alkawarin rupi dubu 125 ga duk wanda ya dawo masa da 'yarsa. Kwana huɗu ta yi a waje, akasarinsu tare da baƙon nan, ana faɗa ana shiryawa. Yarinyar da ta dawo gida ba ita ce wadda ta fita ba.

Kusan shekara saba'in ke nan. Nargis ta rasu a 1981, Raj Kapoor a 1988. Pran, wanda ya fito a Suman, da Manna Dey, wanda ya rera muryar namiji a manyan waƙoƙin fim ɗin, duk sun tafi a 2013, Lata Mangeshkar, wadda ta rera muryar mace, ta bi su a 2022. Amma har yau in ka zaunar da mutum gaban fim ɗin, ko da bai san kalma ɗaya ta Indiyanci ba, kafin a yi nisa za ka ga ya gyara zama. Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya sa. Amsar da na tsaya a kai ita ce fim ɗin ya san wani abu game da soyayya wanda mu Hausawa muka daɗe da saninsa a gidajenmu, amma muka kasa ɗaukarsa zuwa gaban kyamara: sau da yawa dariya ce take rigan so isowa, kunya kuma ita take ba shi lokacin nuna.

Kafin in shiga wannan, ya kamata in faɗi yadda irin waɗannan fina-finai suka iso mana Kazaure, don hanyar da suka biyo tana cikin labarin. Kano suka fara sauka. 'Yan kasuwa Lebanawa masu gidajen silima ne suka shigo da fina-finan Indiya tun shekarun 1950, suka ga jama'a sun fi ɗokinsu a kan na Turawa, suka ci gaba da kawowa. Gidan silima na Rex ya buɗe tun 1937. A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya ta kashe mutum 331, mutane da yawa kuma suka ɗauke ta a matsayin ishara. Da aka buɗe Palace a Jakara, cikin ganuwar birni, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai da aka yi ta tsinuwa da jifa. Saboda haka tun farko silima ta shigo ƙasar nan da tabo a goshi. Wuri ne na maza, mazan ma na dare. Matar aure ba ta zuwa, budurwar da aka gani a can kuwa sunanta ya ɓaci. Daga baya Plaza da Wapa a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, Queens da Eldorado a Sabon Gari, da Marhaba, duk sun cika sun batse da 'yan kallo, amma tabon bai goge ba.

Mu a lokacin muna cikin jihar Kano, sai a watan Agustan 1991 aka yanke Jigawa. Duk da haka Kano nesa ce ga yaro. Direbobi da 'yan kamasho da samarin da suke kai kaya birni ta hanyar Dambatta su ne suke dawowa da labari. Mutum zai kalli fim a Fagge daren Juma'a, ya zo ya shafe mako yana ba da shi a bakin tasha, yana ƙara gishiri inda ya ga dama, yana kwaikwayon tafiyar jarumi da muryar mugu. Mutumin Roni ko Gwiwa ko Babura da ya zo cin kasuwa ya ji, shi ma ya ɗauki abin da ya iya riƙewa ya tafi da shi gida. Fina-finai da yawa da kunne muka fara kallonsu.

Talabijin ce ta sauya komai. Daga 1977 tashar NTA Kano ta fara saka fina-finan Indiya, kuma binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa zuwa 2003 ta nuna fiye da dubu. Abin da aka hana mata zuwa gani a Fagge sai ga shi ya shigo tsakar gida da ƙafarsa. A unguwarmu gida ɗaya ke da akwatin, da doguwar eriya a kan gora, da batirin mota don ranar da aka ɗauke wuta. Bayan isha mata su shigo da tabarminsu da goyonsu, mu yara mu tsugunna gaba, maigidan ya ja kujera can gefe kamar ba kallon yake ba. Da bidiyo ya zo, wani ɗan gidan da ke aiki a Kano ya riƙa zuwa da kaset, sababbi da tsofaffi a haɗe, yadda ya same su wurin masu haya. A cikin tsofaffin nan na fara ganin Chori Chori. Hoton ya sha jiki, wani wurin sai layi-layi yake yi, samari ma sun so a cire shi da suka ga ba kala kuma ba faɗa. Matan ne suka hana.

Ba fassara a jiki, ba wanda ya ji yaren. Amma akwai wata goggona, Allah ya jiƙanta, da take zama kusa da akwatin tana faɗa mana abin da ake cewa. Ba ta taɓa zuwa ko Kaduna ba. Fuska take karantawa, da ɗaga gira, da yadda mutum ya juya baya. "Ku yi mana shiru, ga shi nan zai gaya mata gaskiya," in ji ta, kuma sai ka ga abin da ya biyo baya ya yi daidai da maganarta. Na taɓa ce mata, "Goggo, wai a ina kika koyi Indiyanci?" Ta ce, "Ɗan nan, ai miji da mata ko a ina yarensu ɗaya." Bayan shekaru da na sake kallon fim ɗin da rubutun fassara a ƙasa, na tarar kalmomin ba nata ba ne, amma ma'anar tata ce kusan duka.

Abu na farko da ya kama matan nan shi ne sun san rigimar. Uba da 'ya a kan miji ba baƙon zance ba ne a Kazaure, kowace da ke kan tabarmar tana da labarin nata ko na ƙanwarta. Sai dai fim ɗin bai bi hanyar da aka saba ba. Uban Kammo ba azzalumi ba ne, ba wani tsoho abokinsa ya ajiye mata ba. Gaskiya ce da shi a kan Suman, kuma kowane ɗan kallo ya ga haka tun farko, ita kaɗai ce ba ta gani ba. Ita ma ba a mai da ita marar tarbiyya ba. Shagwaɓaɓɓiya ce da ba a taɓa ce mata a'a ba, wadda ba ta san kuɗin mota ba, ba ta san yunwa ba. Saboda haka ba ka da wanda za ka tsana a cikin gidan. Uwa mai 'ya budurwa tana iya kallo ta tausaya wa uban, budurwar da ke gefenta tana tausaya wa 'yar, su tashi ba wanda aka ci wa fuska. Wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce, kuma ina ganin ita ce ta sa aka iya kallon fim ɗin gaban surukai.

Abu na biyu, wanda ya fi zauna mini, shi ne yadda son ya tsiro. Sagar bai ga Kammo ya sume ba. Haushinta ya fara ji, ita ma ta raina shi. Yana tsokanarta a kan girman kanta, tana mayar masa da baƙar magana, ya san ko wace ce ita, yana kuma lissafin labarin da zai kai wa editansa. A haka, cikin gardama kan wurin zama da abinci da wurin kwana, kowannensu ya fara ganin abin da ɗayan yake ɓoyewa. Ita ta ga mutum mai riƙon amana a bayan surutun, shi ya ga yarinya mai tsoro a bayan tsiwar. Ba wanda ya furta. Mu 'yan kallo mun riga su sani, kuma daɗin kallon duk yana cikin jiran ranar da za su gane.

Wannan salon ai namu ne. Mu ne masu wasan taubasai, inda ɗan mace da 'yar namiji za su yi ta yi wa juna ba'a tun suna yara, a wayi gari an ɗaura musu aure ba wanda ya yi mamaki. Mu ne masu wasa tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Kanawa da Zagezagi, tsakanin kaka da jika. Mun daɗe da gane cewa wanda kake iya tsokana ba tare da ya yi fushi ba, akwai wani abu tsakaninku da ya fi gaisuwa. Ko zance na da, wanda saurayi zai zo bayan magariba a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ƙanwar yarinya na zaune nesa kaɗan, rabinsa wasa ne da gugar zana. Budurwa ba ta cewa tana so. Sai dai ta ce hularka ta karkace, ko ta tambaye ka ko kekenka aro ne. In ta daina tsokanarka ta koma yi maka ladabi mai sanyi, to ka fara neman wani gidan.

Sai kunya. Asalin labarin daga Amurka yake, daga fim ɗin It Happened One Night na Frank Capra, wanda ya fito a 1934 da Clark Gable da Claudette Colbert, ya kuma lashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar. A can akwai wurin da dole ta sa su kwana ɗaki ɗaya, sai namijin ya ɗaura igiya tsakanin gadajen biyu ya rataya bargo. Bargon nan shi ne zuciyar labarin gaba ɗaya: mutum biyu kusa da juna, ba mai ganinsu, amma akwai iyakar da suka ɗora wa kansu. Indiyawa da suka ɗauki labarin sun riƙe wannan tazarar, suka ƙara mata abin da Amurkawa ba su da shi, wato waƙa. Abin da baki ba zai iya faɗa ba, sai kiɗan Shankar da Jaikishan ya faɗa, kuma a kan wannan fim ɗin ne suka sami kyautar Filmfare ta kiɗa. Akwai waƙar dare, inda kowannensu yake gefensa yana fama da zuciyarsa. Akwai wadda suka tsaya kallon wasan 'yar tsana, sai ga su sun zama 'yan tsanan, ana jan su da zare, suna gaya wa juna cikin raha abin da ba za su iya faɗa da fuskokinsu na gaskiya ba. Ban san wata hanya da ta fi wannan nuna halin mai kunya da so ya kama ba. Ya fi son a ce wasa yake yi, don in an ƙi shi ya sami wurin fakewa.

Wurin da goggona ta fi so shi ne kusa da ƙarshe. Rashin fahimta ya raba su, Kammo ta koma gida a sanyaye, uban ya ga ta sauya har ya haƙura ya yarda ta auri Suman ɗin. Ana shirin biki sai ga Sagar ya zo wurin attajirin. Kowa ya ɗauka ladan cigiya ya zo karɓa. Ashe 'yan kuɗin da ya kashe mata a hanya kawai yake nema, ya rubuto su dalla-dalla. A fim ɗin Amurkan dala 39 da santi 60 ne, alhali ladan da aka sa dala dubu 10 ne. Nan uban ya gane wanda ya kamata ya ba 'yarsa, kuma shi da kansa ya buɗe mata hanya. Goggo ta tafa hannu ta ce, "Wannan ɗan halak ne." Duk ɗakin aka amsa. Ba kyansa aka yaba ba, ba waƙarsa ba. Talaka ne da aka ajiye wa dukiya a gaba ya ɗauki haƙƙinsa kawai ya bar saura, kuma wannan hali ne da ake girmamawa a kasuwar Kazaure kamar yadda ake girmama shi a Madras.

Akwai wani abin da nake jin daɗin tunawa. Wannan ne fim na ƙarshe da Raj Kapoor da Nargis suka fito a matsayin masoya, bayan shekaru suna tare a fina-finai irin su Awaara da Shree 420. Shekara ɗaya bayansa ta yi Mother India, wanda ya zama fim ɗin Indiya da ƙasar Hausa ta fi riƙewa, har Brian Larkin, Baturen da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar ana cika silima dominsa bayan kusan shekara arba'in da fitowarsa. A 1958 ta auri Sunil Dutt. Ɗansu Sanjay Dutt shi ne 'yan kallon Kano suka raɗa wa Ɗan Daba Mai Lasin. Ɗan Raj Kapoor kuwa, Rishi Kapoor, suka sa masa Mace. Ba a yi wa baƙo irin wannan suna. Sai wanda aka sani, aka san iyayensa.

To me muka ɗauka daga wannan zama na shekara da shekaru? Mun ɗauki kiɗan, wannan ba musu. 'Yan bandiri sun ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya, 'yan makarantun Islamiyya ma haka. Mun ɗauki rigimar aure, muka zuba ta cikin littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga ƙarshen shekarun 1980. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, 'yar masu kuɗi ce mai suna Sumayya take son talaka, kuma da aka matsa mata rijiya ta faɗa. Kammo ta faɗa ruwa ta fito muna dariya, Sumayya ta faɗa muna kuka. Ban ga laifin marubutan ba, domin auren dole da suke yaƙa ba abin dariya ba ne, kuma irin su Balaraba Ramat Yakubu daga abin da suka gani da idonsu suke rubutu. Sun yi aikin da ya wajaba a lokacinsu.

Amma da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama, daga Turmin Danya a 1990 zuwa Sangaya da abin da ya biyo bayansa, sai aka raba gari biyu. Gefe guda fina-finan soyayya, da rawa da waƙa da hawaye, da saurayi mai tsadaddiyar mota wanda ba ya kuskure ya ba da dariya. Ɗaya gefen kuma camama, inda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi sarauta har rasuwarsa a watan Disambar 2014. Ibro gwani ne da ba a yi kamarsa ba, ya sa talakan Gwiwa da na Yankwashi sun ga kansu a akwati. Amma a camama in aka zo batun mace, yawanci dariyar a kan wauta take, ko kwaɗayi, ko rikicin kishiyoyi. A fim ɗin soyayya kuma mai ba da dariya bawan gida ne ko abokin jarumi, ya yi nasa ya fita a ci gaba da kuka. Wanda zai sa ka dariya kuma ka yarda ya cancanci a so shi, a jiki ɗaya, shi ne muka yi ƙarancinsa. Raj Kapoor a Chori Chori shi ne mai barkwancin, shi ne kuma angon. Wannan rashi yana damuna, don ya koya wa yaranmu cewa soyayya abu ce mai nauyi da ɗaure fuska da manyan kalamai, alhali auren da na ga ya daɗe a garin nan, na mutanen da suke iya ba juna dariya ne bayan an sha wahalar yini.

Ba wai fim ɗin ba shi da aibu ba. Yarinyar ce kaɗai aka sa ta sauke girman kai, shi namijin kusan yadda ya shiga haka ya fita, kuma mace mai kallo a yau tana da damar ta tambayi dalili. Akwai kuma wuraren barkwancin Johnny Walker da Bhagwan da suka ja tsawo har labarin ya tsaya jiransu. Duk da haka ƙashin bayansa yana da ƙarfi, shi ya sa Mahesh Bhatt ya sake gina labarin a 1991 da Aamir Khan da Pooja Bhatt a Dil Hai Ke Manta Nahin, wanda 'yan zamanin kaset da yawa suka sani ba tare da sun san yana da kaka ba.

Yanzu kallo ya koma tafin hannu. Yaro zai kai waya wurin masu turi a bakin kasuwa a cika masa memori da fina-finai da kuɗi kaɗan, an fassara su da Hausa tsaf, irin aikin da Algaita suka yi suna a kai a Kano. Ba zan raina wannan ba. Matar da ke ƙauyen Roni tana jin kowace kalma yanzu, ba ta jiran kowa ya ba ta labari, ba ta roƙon shiga gidan maƙwabta. Masu fassarar ma suna da hikima, suna saka karin maganarmu a bakin mutanen Hyderabad har ka manta ba a nan aka haife su ba. Sai dai akasarin abin da ake fassarawa sababbi ne masu duka da fashe-fashe, kuma kowa shi kaɗai yake kallo da abin ji a kunne. Fim ɗin ban dariya kuwa ba a yi shi don mutum ɗaya ba. Dariyar da aka yi a tsakar gidan nan, ta tsohuwa da amarya da yaro a lokaci guda, wani ɓangare ne na fim ɗin, kuma a nan ne yarinya take jin abin da manya suke yabawa a namiji ba tare da an zaunar da ita an yi mata wa'azi ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Labarin gaba ɗaya a kan amanar hanya ya tsaya. Budurwa ta fita ita kaɗai, ta faɗa hannun mutumin da ba ta sani ba, wanda ya san akwai kuɗi a kanta, ta dawo gida lafiya. Lokacin da muka kalle shi ba wanda ya ga wannan a matsayin abin mamaki. Haka muka taso, ana damƙa yarinya ga direba a tasha a ce ya sauke ta gidan wane a Daura, ya kai ta har ƙofa. Yau maƙwabtanmu na Katsina da Zamfara sun san abin da ake nufi in an ce an sa kuɗi a kan mutum, kuma ba dariya a cikinsa. Da na sake kallon fim ɗin kwanan baya, wurin da Sagar ya ƙi ladan nan ya taɓa ni fiye da yadda ya taɓa ni ina yaro. A da halin kirki nake gani. Yanzu ina ganin wata duniya ce da mutum ba haja ba ne a cikinta, kuma ina son 'ya'yana su san an yi ta, a nan ma, ba a Indiya kaɗai ba.

Wasu za su ce irin wannan labari ba zai yiwu a yau ba, don kafin motar ta kai Dambatta hoton yarinyar ya zagaye Facebook. Ban yarda ba. Waya tana gaya maka inda mutum yake, ba ta gaya maka halinsa, kuma gano hali shi ne aikin kwana huɗun nan. Ga layin dogon da aka fara ginawa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In ya fara aiki, baƙi za su sake zama kusa da juna na sa'o'i, da 'yar mai shago a Kantin Kwari da malamin firamare daga Babura, ba wanda zai iya tashi ya bar wani. Marubucin da zai ɗauki wannan ba ya bukatar satar komai daga Madras. Yana da taubasai, yana da zaure, yana da hukumar tace fina-finai da ba za ta sami abin yankewa ba, tunda labarin ba taɓa jiki a cikinsa. Abin da zai yi wahalar samu shi ne jarumin da zai yarda a yi masa dariya tun daga tashar Kano, da furodusan da zai yarda a kai minti arba'in ba a ce "ina son ki" ba.